Yadda Na Shimfiɗa wa Hajiya Daɓen Katako a Jos

Sanyin Jos ba sai an ba mutum labari ba. Duk wanda ya taɓa kwana a garin cikin Disamba ko Janairu ya san yadda ake tsayawa ana shawara da buta kafin alwalar asuba. Garin a kan tudu yake, kusan mita 1,200 daga saman teku, shi ya sa hunturunmu ya bambanta da na Kano ko Bauchi. To, a cikin irin wannan sanyi ne, wata safiya a Janairun 2023, na shiga gaishe da Hajiya na same ta zaune a bakin gado, ta ɗora ƙafafunta a kan wani tsohon kwali da ta ninke biyu. Ƙarƙashin kwalin darduma ce, ƙarƙashin dardumar kuma tayil ɗin da ni da kaina na sa aka shimfiɗa mata shekara shida baya, ina ta jin na yi abin kai.

Na ce, "Hajiya, wannan kwalin fa?"

Ta ce, "Ƙyale ni da kwalina. Wannan dutsen da kuka zuba mini a ɗaki, sanyinsa har ɓargo yake shiga. Lokacin da muke kan daɓen ƙasa wa ya san ciwon gwiwa?"

Ban ce komai ba, don gaskiyarta. Mun taɓa gwada kafet, bango zuwa bango, bai yi wata huɗu ba muka naɗe shi, saboda ƙurar hunturu da yake haɗiyewa ta tayar mata da tari. Dama muna shirin gyaran sashenta, rufi na yoyo ta kusurwa ɗaya, wayoyin wuta sun tsufa. Sai na ce a raina tunda za a taɓa ɗakin, bari a yi mai gaba ɗaya, a cire tayil a sa katako.

Tunanin katakon ba daga sama ya faɗo mini ba. Muna yara akwai wani kawunmu da ke aiki a ɗaya daga cikin tsofaffin gidajen da Turawan kuza suka bari a wajen Bukuru. Falon gidan na da murhun jin ɗumi a jikin bango, daɓensa kuma wasu ƙananan katakai ne da aka jera kamar saƙar tabarma. Abin da ban manta ba shi ne, za ka taka shi da sassafe ba takalmi, ba za ka ji ya cije ka ba. Daga baya na gane dalili. Tayil da katako in suna ɗaki ɗaya sanyinsu ɗaya ne, sai dai tayil na zuƙe ɗumin tafin ƙafa da sauri, katako kuwa a hankali yake karɓa. Abin da kwalin Hajiya ke yi mata ke nan.

Wurin da za a rufe ba shi da yawa: uwar ɗaki mita 4 da mita 4 da rabi, da ɗan falonta mita 4 da mita 3 da rabi. Jimla murabba'in mita 32. Na ɗauka aikin sati uku ne.

Na fara da zuwa kasuwar kayan gini ta Dei-Dei a Abuja, da yake wata hidima ta kai ni can. A nan na fahimci cewa abin da ake kira daɓen katako ba abu ɗaya ba ne, kuma yawancin wanda ke jere a shaguna ba katako ba ne ma. Akwai laminet, wanda garin katako ne aka matse da gam ya zama allo, aka manna masa hoton katako a sama, aka rufe da wata fata mai tauri. Kaurinsa daga milimita 7 zuwa 12, kuma a jikin kwalinsa za ka ga an rubuta AC3 ko AC4 ko AC5, wato ƙarfin fatar saman wajen jure taku, lamba na hawa ƙarfi na ƙaruwa. Akwai SPC, shi kuma garin dutse ne da roba, da hoton katako a sama. Sai na ukun, wanda samansa katakon gaske ne ɗan siriri, kamar milimita 3 ko 4, aka manna shi a kan falle-fallen filawud. Wannan na ukun shi ne mai hankali a cikinsu, don ba ya motsi sosai in yanayi ya canza, amma daga waje ake shigo da shi, kuɗinsa da dala yake tafiya. Da na ji farashin sai na yi godiya na ƙara gaba.

Na roƙi masu shago guntaye na zo da su gida. Da dare na sa kowanne a kofin ruwa, rabi ciki rabi waje. Gari na wayewa bakin laminet ɗin ya kumbura kamar biredin da ya faɗa shayi, kuma ko da ya bushe bai koma yadda yake ba. Ɗakin tsohuwa kuwa ɗakin ruwa ne: buta na nan, ga jikoki da kofin kunu, ga mai aiki da ta saba zuba ruwa a tayil ta ja da tsumma. SPC bai ko gezau ba, amma da na ajiye shi a ƙasa ya kwana na taka da asuba, ban ji ya yi nisa da tayil ba. Shi ke nan, magana ta koma kan katakon gaske, ɗan ƙasa.

A nan ne na yi wautar da har yanzu in na tuna nake jin kunya. Wani dillali ya ji ina neman katako, ya zo har ƙofar gida da a-kori-kura, falanki ashirin a ciki, jajaye suna ƙyalli. Ya rantse iroko ne, shekara biyu yana ajiye, wani mai kuɗi ne ya saya zai yi ƙofofi ya fasa. Lokacin ana tsakiyar wahalar canjin kuɗi, takardar naira ta yi ɓatan dabo, kowa na neman tsaba ido rufe. Ya ce in zan ba shi rabi a hannu zai yi mini ragi mai kyau. Na lalubo abin da ke gidan na ba shi, na tura sauran ta waya, aka jibge katakon a sito, ina murna na yi tsintuwa.

Bayan sati uku na buɗe siton. Wasu sun banƙare kamar kwalekwale, wasu sun murɗe, bakin kusan kowanne ya tsattsage. Sai a lokacin na yi abin da ya kamata in fara da shi, na je na ɗauko Baba.

Baba tsohon kafinta ne, shi ya yi wa marigayi mahaifinmu ƙofofin gidan nan, har yau ba wadda ta sauka daga kan fatarta. Yanzu ƙarfi ya ja baya, ɗansa ke riƙe da shago, shi sai dai ya zauna a benci yana nuni da sanda. Ya shiga siton, ya ɗaga bakin falanki ɗaya ya saki, ya ɗaga wani. Ya danna farcen babban yatsansa a jiki, farcen ya shiga. Ya ce wa ɗansa ya yanko masa ɗan guntu da zarto. Cikin fari fat.

Ya ce, "Ɗana, wa ya sayar maka da wannan?"

Na faɗa masa.

Ya ce, "Goma sha huɗu afara ce aka shafa wa kala. Shidan can iroko ne na gaske, amma jiya-jiya aka yanko shi daga daji. Taɓa nan ka ji." Ya ɗora tafin hannuna a kan sabon yankan. Sanyi ƙalau, da ɗan danshi kamar rogon da aka fere. "Busasshen katako ba ya yi wa hannu haka. Da ka kira ni ai kuɗin mota kawai za ka kashe."

Dillalin kuwa lambarsa ta daina shiga. Afarar ba ta tafi a banza ba, ita ce bencinan makarantar allon unguwarmu yanzu, Allah ya sa a mizani. Amma araha dai ba ta ado.

Ranar Asabar ta gaba muka shiga kasuwar Katako ni da Baba. Ɗan Jos ya san kasuwar da gwanjo da hatsi, amma sunanta daga 'yan katako ta samo shi, kuma suna nan da rumfunansu da injinansu. Tun hantsi har azahar muna yawo ba mu sayi ko tsinke ba. Makaranta ya buɗe mini. Duk rumfar da muka tsaya sai ya sa in ɗaga, in danna farce, in sunsuna.

Obeche fari ne, ba nauyi, ɗan yaro ma zai ɗaga falankinsa. Na silin ne da akwati, in ka shimfiɗa shi a ƙasa ƙafar kujera za ta yi masa rami, gara kuma ta yi biki. Afara ta ɗan fi shi, amma ita ma ba ta daɓe ba ce. Malaina tana da kyau a kujeru da kabad, tana da taushi a ƙasa. Maɗaci, wanda 'yan kasuwa ke haɗawa da 'yan'uwansa su kira mahogani, ja ne mai kyan gani, sai dai zarensa a harɗe yake, in bai bushe da kyau ba yakan murɗe. Tik yana da mai a jikinsa, ruwa da gara ba sa damunsa, amma wanda ake samu a nan yawanci na gandun shuka ne da aka sare da ƙuruciya, gungumen siriri, farin gefe ya cinye rabin falankin.

Wannan farin gefen shi Baba ya fi tsayawa a kai. Kowane itace na da zuciya, wato tsakiyar da ta nuna ta yi duhu, da kuma farin da ke kusa da ɓawo. Duk kirarin da ake yi wa iroko cewa gara ba ta cin sa, zuciyar ake nufi. Farin gefensa abincin ƙwaro ne kamar kowane itace. Ya juya wani falanki ya nuna mini ƙananan huji kamar na allura, ya buga da sanda, gari ya zubo. Ya ce, "Mai shafa kala wannan yake ɓoyewa. Kada ka yarda da fuskar katako, a kankare maka ka ga ciki."

Biyu ya ce su ne na daɓe: iroko, wanda tsofaffi ke kira loko, da apa. Da ya ce apa na yi shiru, sai ya yi dariya ya ce ai kawo ne, namu na dajin nan, Yarbawa ne ke ce masa apa, sunan ya bi kasuwa. Kawo ya fi iroko nauyi da tauri, kuma yana cikin itatuwan da ba su cika motsi ba in sun bushe, shi ya sa masu daɓen katako a Turai ke sayensa da tsada. Raina ya biya. Matsalar ita ce ba mu samu mai yawa iri ɗaya ba, nan uku can biyar, wani gajere wani mai tsaga. 'Yan kasuwar suka ce manyan bishiyoyin sun yi nisa yanzu. Ban yi mamaki ba. Kowa ya ga yadda aka yi wa madobiya a Taraba, tirela bayan tirela zuwa tashar jirgin ruwa a kai Sin, har sai da CITES, yarjejeniyar duniya kan cinikin dabbobi da itatuwan da ke fuskantar ƙarewa, ta sa mata takunkumin ciniki a 2017. A ƙarshen 2022 aka ƙara kawo da maɗaci cikin jerin itatuwan da ake sa wa ido wajen fitarwa waje. Ina cikin masu saye, don haka ba zan wanke kaina tas ba. Abin da na iya yi shi ne na ƙudurta cewa wanda zan saya ba zai lalace a hannuna ba.

Muka tsaya a kan iroko. A watan Maris wani mai rumfa da Baba ya daɗe da sani ya sauke kaya daga kudu, muka je tun ba a tsince ba. Falanki ɗaya-ɗaya Baba ya zaɓa, inci ɗaya da ɗan ɗori a kauri, don in ya bushe aka goge ya tsaya a milimita 20. Sabon yankan iroko ruwan ɗorawa ne, ba ja ba, sai ya sha iska da haske yake komawa ruwan ƙasa mai duhu. Da na san wannan tun farko da jan katakon dillali bai ruɗe ni ba. Akwai kuma abin da yake dubawa a bakin kowane falanki: layukan shekarun itacen. Wanda layukansa suka miƙe tsaye daga fuska zuwa fuska shi yake ware wa gefe, wanda suka kwanta kamar bakan gizo ya tura baya in da hali. Na farkon motsinsa kusan rabin na biyun ne, kuma ba ya yin kwari a tsakiya. Mai rumfar ya ce, "Baba, kai in ka zo sai ka tafi da tsokar ka bar mana ƙashi." Muka ƙara masa wani abu a kan farashi saboda zaɓen, kuma ya cancanta.

Na sayi abin da zai rufe murabba'in mita 36 bayan an zubar da farin gefe da wuraren tsaga, wato da rarar kashi 10 cikin 100 da ɗan kai saboda yanke-yanke. Allah ya taimake ni na saya a lokacin, don ƙarshen Mayu aka cire tallafin mai, kuɗin dakon kaya daga kudu ya tashi, katako ya bi shi.

Na tambayi Baba yaushe za a fara. Ya ce, "Bayan damina."

Na ɗauka wasa yake. Muna Maris.

Ya ce in zauna. Katako, in ji shi, ko ya shekara ɗari da sarewa bai daina shan iska ba. Damina ta zo ya sha laima ya kumbura, hunturu ya zo ya saki ya tsuke. A tsawo ba ya wani motsi, a faɗi yake yi. Ya ce in lissafa: in kowane falanki ya motsa kashi 1 cikin 100 kacal, ɗaki mai faɗin mita 4 nawa ke nan? Na ce santimita 4. Ya ce to ina za su tafi? In ka shimfiɗa ɗanye, hunturu zai buɗe maka ramuka tsakani har yatsa ya shiga. In ka busar da shi ƙarau a tsakiyar hunturu ka shimfiɗa a matse, Agusta na zuwa zai tashi ya yi tozo a tsakiyar ɗaki. Garinmu kuwa ya haɗa duka biyun: a Agusta tufa ta kwana uku a igiya ba ta bushe ba, a Janairu leɓe na fashewa. Dabara ita ce katakon ya fara sauke ruwan dajinsa gaba ɗaya, sannan a shimfiɗa shi a tsakanin yanayi biyun, lokacin da bai cika ba bai kuma tsotse ba.

Muka jera shi a rumfar bayan gida inda rana ba ta bugu, iska na wucewa. Bulo a ƙasa don kada ya taɓa daɓe, ƙananan sanduna masu kauri ɗaya tsakanin kowane layi, kowace sanda daidai saitin ta ƙasanta, bulo kuma a sama don danne shi. Bakin kowane falanki aka shafe da ragowar fentin mai, saboda ta baki ruwa ke saurin fita, shi ke jawo tsagewa.

Abin da ya fi burge ni shi ne ma'aunin Baba. Ya yanko guntu mai tsawon kamu biyu daga tsakiyar wani falanki, ya shafe bakunansa da fenti, ya cusa shi cikin jerin. Duk Juma'a bayan masallaci in zaro shi in kai wa mai shagon bakin layi ya ɗora a sikelinsa, in rubuta nauyin da fensir a jikin guntun. Satin farko ya nuna kilo 2 da giram 900. Sai ya riƙa sauka, da sauri cikin zafin Maris da Afrilu, a hankali da ruwa ya sauka. Wajen Yuli ya tsaya cak a kusan kilo 2 da giram 300, sati huɗu bai motsa ba. Fiye da rabin kilo na ruwa daga guntu ɗaya! Mai shagon har ya saba, in ya hango ni sai ya ce, "Alhaji, an kawo jaririn awo?"

A wannan tsakanin Hajiya ta koma ɗakin baƙi, aka yi rufi, aka sauya wayoyi, aka fasa tayil. Ta yi ta mita, ba laifinta ba ne. Har ta ce da ta san kwalinta zai jawo mata gudun hijira da ta ɓoye shi. Ƙannena ma sun sa ni gaba a waya, kowa na tambaya wane irin daɓe ne ya fi gina gida daɗewa.

Ƙarƙashin tayil ɗin daɓen ya yi tudu da kwari, dole birkila ya zuba sabon siminti mai kaurin santimita 4. Shi ma wani jiran ne. Ƙa'idar da masu aikin ke bi ita ce kwana ɗaya ga kowace milimita, ke nan kwana 40 aƙalla, da damina kuma ya fi haka. Birkilan ya ce sati biyu ya isa, ga shi ya yi fari. Ɗan Baba ya yanko leda mai kauri kamar faɗin sallaya, ya shimfiɗa a tsakiyar ɗaki, ya liƙe gefunanta da salatif, ya ce a bar ta ta kwana. Da safe muka ɗaga, ƙasan ledar ya yi gumi, simintin wurin ya yi baƙi. Birkila ya sosa ƙeya. Sai da muka maimaita gwajin sau uku cikin wata biyu kafin leda ta tashi a bushe. Duk da haka aka shafa maganin hana laima a kan simintin, don ɗakin ƙasa ne, ruwa na iya tasowa daga ƙarƙashi.

Maganar gara kuma, ni na zo da shawarar a shafe bayan katakon da Solignum ko baƙin mai kamar yadda ake yi wa katakon rufi. Baba ya ce a'a. Gam ba zai kama jikin da aka shafa wa mai ba, kuma ba a kwantar da tsohuwa a kan wari. A wajen ginin aka haƙa ɗan rami kewaye da tushe aka zuba maganin gara, aka toshe duk tsagar da ke jikin daɓe da gindin bango.

Ƙarshen Oktoba ruwa ya ɗauke. Aka kai katakon inji aka tsaga shi sirara, faɗin santimita 7, aka goge, aka fitar masa da mace da namiji a gefuna don su shiga juna. Ni na so masu faɗi irin waɗanda nake gani a hotuna, Baba ya hana. Siriri motsinsa kaɗan ne, kuma motsin na rarrabuwa a layuka da yawa, ido ba ya kamawa. Mai injin ya caje mu ƙari, don iroko na ɓoye wani farin abu mai tauri kamar tsakuwa a cikinsa da ke dakusar da wuƙa. Ƙurarsa ma ba ta da kirki, yaran injin duk sun ɗaure hanci, ni da na tsaya kallo na kwana ina atishawa.

Daga inji aka shigo da shi cikin ɗakin da zai zauna, aka sake jerawa da sanduna tsakani, ya yi sati uku yana sabawa da iskar wurin. Wani abokina mai yin kujeru ya ara mini 'yar na'urar auna danshi, mai ƙusoshi biyu da ake cakawa a jikin katako. Ranar da aka shigo da shi tana nuna danshi kashi 14 zuwa 15 cikin 100. Tsakiyar Nuwamba, iskar hunturu ta fara kaɗawa, ta sauko 10 zuwa 11. Na kira Baba na faɗa masa lambar. Ya ce shi bai san lamba ba, in kawo masa guntun. Ya ƙwanƙwasa da ƙarfen zobensa, ya kara a kunne, ya ce a fara ranar Litinin.

Shimfiɗawar kwana biyar ta ɗauka. Da gam na musamman aka manna, mai ɗan taushi ko ya bushe, don ya bar katakon ya numfasa. Baba ya ce a zamanin Turawa da narkakkiyar kwalta ake yi, in ka ɓamɓaro ɗaya daga tsofaffin gidajen za ka ga bayansa baƙi. Kafin a manna ko ɗaya sai da aka baje su duka a tsakar gida aka gauraya masu haske da masu duhu, don kada kusurwa ɗaya ta yi baƙi ɗaya ta yi fari. Aka bar tazarar milimita 12 tsakanin katako da bango ta ko'ina, sikatin, wato katakon da ake bi da gindin bango, ya rufe ta. Na ga wani yaron aikin zai cusa guntu ya cike tazarar a bayan ƙofa, wai ba kyan gani, Baba ya daka masa tsawa daga kan kujerarsa. Ƙofofi biyu sai da aka rage musu ƙasa. A bakin banɗaki kuma muka bar tayil mai faɗin taku biyu, don mai fitowa daga alwala ya sami inda ruwan ƙafarsa zai ɗiga.

Wajen shafe sama muka ɗan yi ja-in-ja da uwargida. Ita banish mai ƙyalli take so, irin wanda za ka ga fuskarka. Ni ma da farko haka, sai na tuna Hajiya ta haura saba'in kuma da safa take yawo. Ƙyalli santsi ne, ga shi yana tona asirin ƙura, in kuma ya ƙarje sai an kankare ɗakin gaba ɗaya. Mai kuwa shiga cikin katakon yake, in wuri ya lalace a goge wurin kaɗai a sake shafawa, illarsa sai an riƙa sabuntawa lokaci-lokaci. Muka zaɓi mai, shafa uku bayan an bi da samfefa daga mai kaushi zuwa mai laushi. Iroko na da nasa maiƙon, shafar farko ta ɗauki kwana biyu kafin ta bushe. Tsummokaran da aka yi shafar da su ɗan Baba bai bari an tara su a kwali ba, a bokitin ruwa ya tsoma su, don irin wannan tsumman in aka dunƙule shi yana iya ɗaukar zafi ya kama wuta da kansa.

Hajiya ta koma ɗakinta a makon farko na Disamba. Ta tsaya a bakin ƙofa, ta tuɓe silifas, ta taka, ta yi shiru. Sai ta ce, "To, Allah ya yi albarka." A wurinta wannan doguwar magana ce. Da na leƙa da asuba washegari, a ƙasa na same ta tana lazimi, sallaya kawai tsakaninta da daɓen.

Abu ɗaya ne duk lissafinmu bai kawo ba: kaskon turaren wuta. Ba a yi sati biyu ba aka ajiye shi da garwashi a gefen gado, ya bar baƙin zobe kamar an buga hatimi. Na goge da samfefa na shafa mai, ya dushe amma bai ɓace ba. Yanzu akwai guntun tsohon tayil ɗin nan a wurin, a kansa kasko ke zama. Mai aiki ma sai da aka yi ta fama kafin ta yarda cewa tsintsiya mai laushi da matsattsen tsumma sun isa.

A tsakiyar Janairu wasu layuka suka buɗe, siririyar tsaga da ƙyar katin waya zai shiga. Na kira Baba hankalina a tashe. Ya ce kada in cusa komai, in sake dubawa in an yi ruwa. A Agusta na durƙusa na nema ban gan su ba. Hunturun da ya biyo suka dawo, a wuraren nan dai.

Sauran falankan da suka rage guda tara suna ƙarƙashin gadon Hajiya, don in wani ya lalace a sami ɗan'uwansa da ya sha iskar ɗaki ɗaya da shi. Uwargida kuma ta ce saura nata. Katakon ɗakinta na rumfar bayan gida tun Maris, da sabon guntu a cikinsa, ranar Juma'a zan kai shi awo.